Yadda Nake Kai Yara Kallon Ƙasusuwan da Suka Zama Dutse a Jami'o'in Birtaniya Ba Tare da Kuɗin Ƙofa Ba

Hutun makaranta a Ingila akwai cin aljihu. Kwana uku da fara hutu an share abin da ke cikin firji, an gaji da talabijin, sai yara su fara bin ka daga falo zuwa kicin suna "Baba, yau ina za mu?" Gidan zu kuɗi ne, wurin lilo kuɗi ne, mu kuma mu biyar ne har da uwargida. Shekarata ta farko a Birmingham wani abokin aiki ya ce in kai su jami'a su ga ƙasusuwa. Na ɗauka zolaya yake yi. Ashe da yawa daga tsofaffin jami'o'in ƙasar nan suna da gidajen adana duwatsu da burbushin halittun da suka shuɗe, an gina su ne don koyar da ɗalibai, amma ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a karɓar ko kwabo. Tun daga ranar muka zagaya da dama daga cikinsu, kuma abin da na koya, wani da daɗi wani da wahala, shi zan zayyana wa wanda ke zaune a nan ko wanda ya zo ziyara ya samu rarar yini guda.

Fara da wanda ya fi kusa da kai. In kana Birmingham, naka shi ne gidan Lapworth da ke cikin ginin Aston Webb, jan ginin nan da ke fuskantar doguwar hasumiyar agogo ta jami'ar. Daga tashar New Street ka hau jirgin da ke tsayawa a tashar da ake kira University, ko minti goma ba a yi. In kana Landan, Cambridge da Oxford duk tafiyar wajen awa guda ce a jirgin ƙasa: a Cambridge akwai gidan Sedgwick a titin Downing, a Oxford akwai gidan tarihin halittu na jami'ar a titin Parks. Mutanen Manchester nasu na kan titin Oxford Road, cikin jami'a. Wanda ke Glasgow kuwa yana da Hunterian, wanda aka buɗe tun 1807, shi ne mafi tsufa cikin gidajen tarihin da jama'a ke shiga a Sikotiland. Dukansu kyauta ne. Za ka ga akwatin gudummawa ko na'urar taɓa kati a bakin ƙofa. In ka sa wani abu madalla, in ka wuce babu mai kallon ka.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka ce wa yara komai, shi ne duba shafin gidan a intanet ka tabbatar ranar da za ka je a buɗe yake. Ni wannan karatun da kuɗina na saye shi. Wata Lahadi na kwashi iyali tun da sassafe muka nufi Cambridge, muka isa bakin matattakalar Sedgwick, inda aka sassaƙa wasu dabbobi da dutse suna gadin hawa, muka tarar da ƙofa a garƙame. Laifina ne, ban duba ba. Autana ya hau ɗaya daga cikin dabbobin dutsen na ɗauke shi hoto, iyakar abin da muka samu ke nan, uwargida kuwa har muka dawo gida ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Na Manchester da na Glasgow su kuma Litinin ce ranar hutunsu. Lokutan kan canza, musamman wajen Kirsimeti, don haka kar ka dogara da abin da na faɗa, duba da kanka a daren da za ka tafi.

Shiga ce kyauta, zuwa ba kyauta ba ne. Kuɗin jirgi shi ne babban kashi. Sayi tikiti kwanaki kafin tafiya, ka zaɓi jiragen da ke tashi bayan cunkoson masu zuwa aiki da safe ya lafa, sun fi sauƙi. In kana da yara, katin rangwamen iyali na jiragen ƙasa yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin 100, tafiya biyu ko uku ya mayar maka da kuɗinsa. In da mota za ka je Oxford ko Cambridge, kar ka yarda ka kutsa tsakiyar gari. Ajiye ta a manyan wuraren fakin da ke bakin gari ka hau bas. Abinci kuwa ku taho da naku. Mu shinkafa da wake muke zubawa a kula, da ruwa da dabino, a ci a waje kan ciyawa in rana ta yi mutunci. Ba a cin abinci a cikin zauren kayan, kuma shagon tsarabar da ke bakin fita shi ne tarkon da ya kamata ka yi wa yara kashedi a kansa tun daga gida. Ni na kan ce kowa dutse ɗaya na fam biyu ko uku, magana ta ƙare.

Sai salla. Da sanyi, musamman a Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, wato azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskar ka a waje. Gidan Manchester, tun da aka sake buɗe shi a 2023 bayan gyara, yana da ɗakin ibada a ciki. A Cambridge akwai babban masallacin titin Mill da aka buɗe a 2019, shi kansa abin zuwa gani ne saboda ginshiƙansa na katako masu kama da itatuwa. A sauran wuraren tambayi ma'aikatan ƙofa, kusan kowace jami'a tana da wurin sallar ɗalibai. Yi alwala daga gida, ka sa dardumar aljihu a jaka.

To, ka shiga. Kuskuren da kowa ke yi, har da ni a farko, shi ne son ganin komai. Gidan Lapworth kaɗai yana riƙe da samfuri sama da 250,000, na Sedgwick ya haura miliyan ɗaya, duk da cewa kaɗan ne ake fito da su. In ka ce akwati-akwati za ka bi, cikin minti 40 idonka ya gaji, duwatsu duk sun zama iri ɗaya, yara sun fara faɗa. Abin da nake yi yanzu shi ne mu yi zagaye ɗaya da sauri, na kamar minti goma, ba tsayawa. Daga nan kowa ya zaɓi abu guda da ya fi burge shi, mu koma wurinsa mu tsaya sosai. Awa ɗaya da rabi ta isa. Tun da ba biya ka yi ba, babu asarar da kake gudu. Wani hutun ka dawo.

In kun tsaya a gaban abu, koya wa yara karanta ɗan katin da ke jikinsa. Abu huɗu ake nema: sunansa, inda aka tono shi, shekarunsa, da kuma ko na ainihi ne ko kwafi. Sunan da Latin yake, kar ya razana ka, sau da yawa sunan gari ne ko na mutum aka lanƙwasa. Na huɗun nan shi mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ya fi muhimmanci a wurina. In ka ga kalmar "cast" a katin, to zubi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar dalma a kasuwa ya san aikin: a danna tukunya cikin yashi mai laima, a cire, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin, sai ga wata tukunyar sak. Haka ake yi wa ƙashi, sai dai da filasta ko roba mai tauri. Yawancin manyan ƙwarangwal ɗin da ke tsaye a tsakiyar zaure zubi ne, domin ƙashin da ya zama dutse yana da nauyi, yana da saurin karyewa, kuma sau da yawa guda ɗaya tak aka samu a duniya.

Misali, ƙaton dainoso (irin dabbobin nan masu kama da ƙadangare da suka ƙare tun zamanin da) mai cin nama da ke tarar ka a Lapworth, wanda ake kira Allosaurus, zubi ne. Iguanodon ɗin da ke tsaye a Sedgwick zubi ne na ɗaya daga cikin waɗanda masu haƙar kwal suka ci karo da su a Bernissart ta Beljiyam a 1878. Shahararren T. rex na Manchester, mai laƙabin Stan, shi ma zubi ne. Na ainihin an tono shi a jihar South Dakota ta Amurka, an yi gwanjonsa a 2020 a kan dala miliyan 31.8. Ranar da babbar 'yata ta gane haka sai ta ɓata rai, wai an yi mana wayo. Na ce ba a yi mana wayo ba tun da an rubuta, kuma zubin ya ɗauko kowane tsagi da tabo na ƙashin. Amma na fahimci fushinta, shi ya sa nake jan su zuwa ƙananan akwatunan gefe, inda ba a cunkoso. Na ainihin galibi can suke: haƙori guda, ƙumba, ganye a jikin dutse, kifi kwance kamar jiya aka shanya shi. A ra'ayina waɗannan sun fi ƙaton tsakiya daraja, duk da cewa babu mai ɗaukar hoto da su.

Shirya wa tambayoyi biyu, don tabbas za su zo. Ta farko: yaya ƙashi ke zama dutse? Amsar a taƙaice ita ce, dabba ta mutu a inda laka ko yashi suka rufe ta da wuri, kamar gindin kogi ko teku, kafin kuraye da ruɓa su gama da ita. Nama ya tafi, ƙashi ya rage. Ruwan da ke tsatsafowa ta cikin ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, su cika ƙananan ramukan ƙashin a hankali, har ya yi tauri da nauyin dutse, lakar da ke kewaye da shi ita ma ta daskare. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa halittun ruwa masu ɓawo suka fi yawa a akwatunan.

Ta biyu ta fi wuya: wa ya ƙirga shekarun? Nan na kan fara da masu haƙar rijiya. Duk mai haƙa ya san ƙasa hawa-hawa take, jar ƙasa, yashi, laka, marmara, kuma wadda ke ƙasa ita ta riga kwantawa. Wannan ke nuna wanda ya girmi wani. Adadin kuwa daga wasu sinadarai ake samun sa, irin su yuraniyom, wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma a hankali, bisa ƙa'idar da aka auna, don haka in aka gwada yawan wanda ya rage da yawan wanda ya rikiɗa a cikin tokar aman wuta da ke sama da ƙasan ƙashin, sai a san tsakanin yaushe da yaushe ya kwanta. Da irin wannan awo aka ce duniya ta kai shekara biliyan 4.5, dainoso kuma sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Yara da suka je Islamiyya za su ƙara da tasu tambayar, kuma ba na kauce mata. Na kan tuna musu aya ta 20 ta Suratul Ankabut, da ta umarce mu mu yi tafiya a ban ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. In muka zo allunan da ke maganar asalin ɗan Adam, na kan ce ga abin da masu wannan ilimi ke faɗa, ga abin da muka yi imani da shi, sauran mu kai wa malam. Gara su ji daga bakina a gaban akwatin da su fara ji a aji ba na nan.

Cikin duka, Oxford ne nake cewa wanda zai je guda ɗaya tak ya je. Tun daga ciyawar gaban ginin akwai sawun dainoso da aka zuba a jere, yara su gwada takunsu da nasa. Ginin an buɗe shi a 1860, rufinsa gilashi ne kan ginshiƙan ƙarfe, haske har ƙasa. Abin da yawancin baƙi ke wucewa ba su lura ba shi ne ƙananan ginshiƙan da ke zagaye da zauren: kowanne da irin dutsen da aka yi shi, an rubuta sunan dutsen da yankin da aka ɗauko shi. Bi su da tafin hannu, ka ji bambancin mai santsi da mai ƙaiƙayi, mai ƙyalli irin na Kufena ko Kwatarkwashi da mai laushi irin farar ƙasa. Akwai kuma kayan da aka yarda a taɓa, har da wani dunƙulen ƙarfe da ya faɗo daga sama. Nan ne gidan Megalosaurus, dainoso na farko da aka raɗa wa sunan kimiyya, wanda William Buckland ya bayyana a 1824, tun kafin Richard Owen ya ƙirƙiro kalmar dainoso kanta a 1842. Ta ƙofar bayan zauren kuma za ka faɗa gidan Pitt Rivers, shi ma kyauta, cike da kayan al'adun duniya har da na Najeriya. Amma kar ka haɗa su rana ɗaya in da ƙananan yara.

Sedgwick, da muka koma ranar da yake buɗe, ya fi kama da ɗakin karatun tsohon malami: akwatunan katako, katuna wasu da rubutun hannu. Tushensa tarin John Woodward ne da ya bar wa jami'ar a 1728, kuma akwatunansa na asali suna nan. Akwai duwatsun da Charles Darwin ya tattaro a tafiyarsa ta jirgin ruwan Beagle. Amma abin da ya tsayar da mu shi ne ƙwarangwal ɗin dorina da aka tono a ƙauyen Barrington, kusa da Cambridge ɗin, mai shekara wajen 120,000. Dorina a ƙasar da muke rawar ɗari cikin riga uku! Autana ya ce ƙarya ne, daga Yawuri aka kawo ta.

Ni abin da ya kama ni a gidajen nan daban ne, kuma a Lapworth ya same ni. Ina kallon wani akwati na ƙumba da katantanwar teku da suka zama dutse, sai na ga kamar na san su. Ina yaro a Sakkwato, in mun je wajen dangi ta ɓangaren Kalambaina, mu kan tsinci irinsu cikin farin dutsen da ake fasawa don siminti, mu yi wasa da su mu zubar. Babu wanda ya taɓa ce mana komai a kansu. Ashe wannan farin dutsen gindin teku ne mai shekara kusan miliyan 60, daga lokacin da wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau ya malale ƙasar Mali da Nijar da Sakkwato. A duwatsun da suka girme shi kaɗan, a yankin Goronyo, an tono wani ƙaton ƙadangaren teku, dangin damo da guza, wanda masana 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Akwai kuma wani kada da ake kira Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu ne a cikin littattafan duniya, mu ba mu da labari. A Nijar abin ya fi haka girma. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya bayyana Nigersaurus a 1999, mai haƙora wajen 500 a baki mai faɗi kamar shebur. Can ne kuma aka samu Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya haura mita 9. Wanda ke Yamai ba sai ya zo Ingila ba, gidan tarihi na Boubou Hama yana da ƙasusuwan dainoson ƙasar. Tun da na san haka, duk gidan da muka shiga sai na sa yara su nemo taswirar da ke nuna duniya a zamanin da, su laluba inda gidan kakarsu yake, su ga ko ruwa ne ko tudu.

Kar ka ji kunyar tambaya. Masu tsaron zauren da yawansu ɗalibai ne ko masu aikin sa kai, kuma sun fi murna da mai tambaya fiye da mai wucewa shiru. Tambayi ko akwai takardar farautar kaya ta yara, a kan ba da ita kyauta da fensir, musamman lokacin hutu. In ku tawaga ce, kamar 'yan Islamiyya ko ƙungiyar 'yan gari, rubuta musu tun da wuri, kar ku auka musu mutum 30 ba sanarwa. Hoto an yarda, sai dai kashe walƙiyar kyamara, kuma ɗauki katin tare da abin, in ba haka ba bayan mako guda ba za ka tuna mene ne ba. In kana da wani dutse a gida da kake zaton wani abu ne, ba sai ka ɗauko shi ba, fitar da irin waɗannan daga ƙasa ba da izini ba kan haɗa mutum da hukuma. Ɗauki hotonsa gaba da baya a hasken rana, ka ajiye rula ko biro a gefensa don a gane girmansa, ka rubuta ainihin inda aka tsince shi, ka tura wa gidan ta imel.

In yara suka fara cewa su ma suna son su tsinto nasu, kuma kana yankin Birmingham, kai su Wren's Nest a garin Dudley. Tsohuwar mahaƙar farin dutse ce da aka mayar wurin kiyayewa a 1956, shiga kyauta, duwatsunta gindin wani teku ne mai ɗumi na sama da shekara miliyan 420. Daga nan aka samo ƙwaron tekun nan mai jiki gaɓa-gaɓa da ake wa laƙabi da ƙwaron Dudley, wanda za ka riga ka gani a akwatunan Lapworth. An yarda ka tsinci 'yan kaɗan daga tsakuwar da ta zube ƙasa, amma ba a zuwa da guduma ko kurfi, ba a kuma taɓa jikin dutsen. Ku sa takalma masu kama ƙasa, ku riƙe tsohon buroshin haƙori da kwalin ƙwai na zuba abin da aka samu. Washegarin ruwan sama ya fi, lokacin an wanke tsakuwar, zanen da ke jikinta ya fito.